Wai da gaske 'yan Ailan sun taɓa kai wa Kanada hari daga Amurka? Kuma waye ɗan leƙen asirin da ya ci amanarsu?

Abba Gwammaja

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah masu karatun tarihi ku raba mana gardama. Wani abokinmu ne ya dage wai a zamanin da akwai lokacin da 'yan Ailan mazauna Amurka suka ɗauki bindigogi suka tsallaka cikin Kanada, wai so suke su kama ƙasar su riƙe a hannu, sai Ingila ta sakar musu Ailan sannan su mayar mata. Ni na ce masa haba, ina Ailan ina Kanada, teku guda fa a tsakaninsu, wannan ai zancen teburin mai shayi ne. Sai ya ƙara min da cewa wai ma na hannun daman kwamandan nasu ɗan leƙen asirin Ingila ne, shekara da shekaru ana ci a kwano ɗaya ba su gane ba. To akwai ƙamshin gaskiya a maganar nan? In akwai, ya aka yi mutum ɗaya ya yi musu wannan shigar ba su kama shi ba?

Malam Sani Zariya

Wa'alaikumus salam Abba. Je ka ba abokinka haƙuri, gaskiya ya gaya maka, kuma ba sau ɗaya suka yi ba.

Ana ce musu 'yan Fenian. John O'Mahony ne ya kafa ƙungiyar a New York a 1858, 'yar uwarta kuma James Stephens ya kafa a Dublin a wannan shekarar, burinsu ɗaya, a kori Ingila daga Ailan da bakin bindiga. Ka tuna mutanen nan ba su daɗe da fitowa daga babbar yunwar da ta fara a 1845 ba, lokacin da cuta ta cinye dankalin da talaka ya dogara da shi, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, sama da miliyan kuma suka yi ƙaura, kuma duk wanda ya tsira ya sauka Amurka da ƙullin Ingila a zuciyarsa. Sai ga yaƙin basasar Amurka tsakanin jihohin Arewa da na Kudu daga 1861 zuwa 1865, dubun dubatarsu suka shiga soja. Yaƙi ya ƙare, ga ƙwararrun mayaƙa zaune ba aikin yi, ga bindigogin gwamnati ana gwanjonsu da araha. Ka ga ai an haɗa wuta da auduga.

A ƙarshen 1865 ƙungiyar ta dare gida biyu. O'Mahony ya ce a tura kuɗi da makamai Ailan a yi tawayen a can. Ɓangaren William Roberts da Janar Thomas Sweeny suka ce ta ina? Jiragen ruwan yaƙin Ingila sun tsare teku, amma ga Kanada nan a bakin ƙofa, mallakar Sarauniya Victoria ce, iyaka doguwa ba wani tsaron kirki. Kuma lissafinsu ba na mahaukata ba ne kamar yadda ake ɗauka yanzu, domin a lokacin Amurka na jin haushin Ingila sosai saboda jiragen yaƙi irin su Alabama da aka ƙera wa 'yan Kudu a Ingila, to fatan 'yan Fenian shi ne ko dai Amurka ta kau da kai, ko ma abin ya rikiɗe ya zama yaƙi tsakanin ƙasashen biyu.

Yunƙurin farko a watan Afrilun 1866 ne, ɓangaren O'Mahony suka nufi tsibirin Campobello a New Brunswick, wani yankin mallakar Ingila a gabashin Kanada ta yanzu, abin ya watse tun ba a je ko'ina ba. Na gasken shi ne na 1 ga Yuni 1866. John O'Neill, tsohon hafsa a rundunar Arewa, ya haye kogin Niagara daga Buffalo da asuba da mutum wajen dubu, ya kama garin Fort Erie. Washegari aka gwabza a Ridgeway. Waɗanda Kanada ta turo 'yan sa-kai ne daga Toronto da Hamilton ƙarƙashin Alfred Booker, akawu-akawu da 'yan tireda da ɗaliban jami'a, da yawansu ba su taɓa jin ƙarar harsashi a kansu ba, an loda su a jirgin ƙasa ba isasshen guzuri. Duk da haka da farko sun yi ta maza. Can sai wani ya hango dawakai, aka yi ihu ga barade nan, sai aka ba da umarni su dunƙule wuri ɗaya su yi sahu mai kusurwa huɗu, wanda shi ne dabarar tare mahaya a wancan zamanin. Ashe babu wata rundunar dawakai. Sun tattara kansu a fili tsakiyar hanya, tsofaffin sojojin O'Neill kuwa suka samu abin harbi a ɓagas, kafin ka ce kwabo sahu ya karye kowa ya ranta a na kare. 'Yan Kanada tara ne suka rasa ransu sanadin wannan karon.

Amma nasarar ba ta kai su ko'ina ba. Ɗaukin da O'Neill ke jira bai iso ba, sojojin Ingila na gaske suna matsowa, sai ya juya cikin dare, jirgin yaƙin Amurka mai suna Michigan ya cafke su a tsakiyar kogi. Ranar 6 ga wata shugaban Amurka Andrew Johnson ya fitar da sanarwar haramta abin. Wani ayari ya ɗan shiga ta Pigeon Hill a ɓangaren Quebec shi ma aka kore shi. Abin dariyar ma gwamnatin Amurka ce ta biya wa da yawansu kuɗin jirgin ƙasa suka koma gida, kar a ɓata da masu ƙuri'a.

Abba Gwammaja

Tab. Allah ya ƙara ilimi Malam, ashe ni ne za a yi wa dariya. To saura maganar ɗan leƙen asirin, shi ne ya fi tsaya min a rai. A wannan harin na 1866 ya tona su?

Maman Ilham

A'a ƙanina, a 1866 bai fara aikin ba tukuna, na 1870 ne ya wargaza. Bari in karɓi Malam ya huta, don ni labarin mutumin nan ya daɗe yana ba ni mamaki.

Sunan da suka san shi da shi Henri Le Caron, wai Bafaranshe ne mai ƙin Ingila. Sunansa na yanka Thomas Beach, Bature ɗan Ingila tsantsa, haifaffen Colchester a 1841. Yana saurayi ya gudu Paris, daga can ya wuce Amurka ya shiga sojan Arewa a 1861, a nan ya ɗauki sunan Faransanci, kuma lokacin ba don leƙen asiri ya yi ba. Bayan yaƙi yana zaune a Nashville suka saba da O'Neill, shi kuma O'Neill ga shi da sakin baki, yana ba shi labarin shirin da ake yi. Le Caron ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa yana ba shi labarin kamar hira, uban ya kai wa ɗan majalisar yankinsu, ɗan majalisa ya miƙa wa gwamnati. Da ya je gida ziyara a 1867 aka ce masa to ka koma ka shiga cikinsu sosai za mu riƙa biyanka. A London wani Robert Anderson ne ke karɓar rahotonsa, a Kanada kuma Gilbert McMicken, shugaban 'yan sandan cikin Firayim Minista John A. Macdonald.

Yanzu ga amsar tambayarka ta ya aka yi ba a gane shi ba. A ganina bai tsaya laɓe a bayan ƙofa yana saurare ba, mai da kansa ya yi mutumin da ba a iya komai sai da shi. O'Neill ya zama shugaban ƙungiyar, Le Caron ya zo ya ce ga ni, ga shi tsohon soja, ga iya tsara takardu, ga shi ba ya gajiya, kuma tun da ba ɗan Ailan ba ne ba ya cikin rigingimun ɓangaranci da suka cinye su. Aka yi ta ɗaga shi har ya kai babban muƙami a rundunarsu, sannan aka danƙa masa aikin da ya fi kowanne sirri, wato kai bindigogi da harsasai ya ɓoye su a gidaje da rumbunan magoya baya a bakin iyaka ta Vermont da New York. Kai jama'a. Mutumin da ke ɓoye makaman shi ne ke aika wa McMicken jerin inda ya ɓoye su, da adadi, da ranar da za a tashi.

To ranar 25 ga Mayu 1870 O'Neill ya taso daga Franklin a Vermont zai shiga ta Eccles Hill. Mutanen da ya sa rai za su zo dubbai, ɗaruruwa kaɗan ne suka iso kan lokaci. A can saman tudu kuwa tuni manoman yankin sun riga shi, wata ƙungiyar tsaron gida ce ta su Asa Westover da suka sayi bindigogi masu kyau da kuɗin aljihunsu tun bayan ɓarnar da aka yi musu a 1866, suna ɗaura jan ƙyalle a kafaɗa don su gane juna, ga kuma 'yan sa-kai sun zo sun ƙara musu ƙarfi. 'Yan Fenian na tsallaka iyaka aka buɗe musu wuta daga bayan duwatsu, nan take aka kashe na gaba, saura suka warwatsu suna neman mafaka. O'Neill ya koma baya zai tattaro ƙarin mutane, sai wani jami'in gwamnatin Amurka George Foster ya tare shi, ya tura shi cikin keken doki ya yi gaba da shi, janar guda an kama shi a tsakiyar yaƙinsa mutanensa na kallo. Igwa ɗaya da suka zo da ita ma a can aka bar ta, kuma Le Caron da bakinsa ya ce shi ya yi ta jan ƙafa don kar ta yi amfani da wuri. Kwana biyu bayan nan aka sake fatattakar wasu a Trout River.

Duk da wannan ba wanda ya iya tabbatar da wani zargi a kan Le Caron. Ya karɓi tukuicinsa daga Kanada, ya koma Illinois yana aikin likita da sayar da magani a garin Braidwood, ya shiga sabuwar ƙungiyarsu Clan na Gael ya ci gaba da aika rahoto, har a 1881 ya gana da Charles Parnell, jagoran 'yan Ailan a majalisar Ingila. Shi ya tona kansa da kansa a Fabrairun 1889, ya tsaya gaban kwamitin da ke binciken Parnell a London ya faɗi ko shi waye. Sama da shekara ashirin kenan.

Sadiq Ottawa

Aunty kin kawo shi daidai. Ni abin da zan ƙara na garin da nake zaune ne, don ba za a yi maganar 'yan Fenian da leƙen asiri a Kanada a tsallake kisan Thomas D'Arcy McGee ba.

McGee shi kansa tsohon ɗan tawaye ne, yana cikin matasan da suka yi yunƙurin 1848 a Ailan, ya tsere Amurka, daga baya a 1857 ya koma Montreal ya shiga siyasa, ya zama cikin waɗanda suka haɗa tarayyar Kanada a 1867. Sai ya juya ya zama babu wanda ya kai shi caccakar 'yan Fenian, yana cewa za su jawo wa 'yan Ailan Katolika na Kanada bala'i ne kawai. A zaɓen 1867 har rubutu ya yi a jarida yana fallasa harkokinsu a Montreal. Su kuma suka ɗauke shi maci amana.

Daren 7 ga Afrilu 1868 majalisa ta kai har bayan ƙarfe biyu tana zama, shi ma ya yi jawabi. Ya tako da ƙafa zuwa gidan da yake haya a titin Sparks, tafiyar 'yan mintuna ce daga majalisa, sigari a bakinsa, ya sunkuya zai sa makulli a ƙofa, wani ya zo ta baya ya harbe shi a ƙeya. Titin yanzu na masu tafiya a ƙasa ne, shaguna da gidajen abinci, akwai ɗan allo da ke nuna wurin, in ba ka sani ba wucewa za ka yi abinka. An yi jana'izarsa a Montreal ranar 13 ga Afrilu, ranar da zai cika shekara 43.

Cikin kwana ɗaya aka kama wani tela, Patrick James Whelan, da ƙaramar bindiga a jikinsa. To shari'ar ce har yau ake gardama a kai. Babban mai shaidar da ya ce ya gani da ido, Jean-Baptiste Lacroix, mutane da yawa na ganin kuɗin ladan da aka sa ne ya kawo shi. Wata shaidar kuma ta ɗan sandan ciki ce da aka ɓoye kusa da ɗakin da aka tsare Whelan yana sauraron hirarsa da wani fursuna. Macdonald, wanda abokin mamacin ne, ya zo kotu ya zauna kusa da alƙali. Sannan alƙalin, William Richards, da aka ɗaukaka ƙara yana cikin waɗanda suka zauna duba hukuncin da shi ya yanke. Ku duba fa. Wani abin mamakin kuma lauyan da ya kare Whelan, John Hillyard Cameron, babba ne a ƙungiyar Orange ta 'yan Furotesta, wato abokan gabar 'yan Fenian na jini.

An rataye shi ranar 11 ga Fabrairu 1869 a gaban mutum wajen 5,000. Dab da ƙarshe ya amsa cewa yana wurin kuma ya san wanda ya yi harbin, amma ya ce ba shi ba ne, kuma bai faɗi suna ba. Gidan yarin na nan a titin Nicholas, daga baya aka mai da shi masaukin matafiya masu ƙaramin ƙarfi, mutane na biya su kwana a ɗakin fursuna, ni dai ko kyauta ba da ni ba. Bindigar kuma gidan tarihi ya saye ta a gwanjo a 2005. Kisan nan ne ya sa aka kafa rundunar 'yan sandan tarayya ta Dominion Police a 1868, ita ce aka haɗe cikin RCMP, 'yan sandan ƙasa na Kanada, a 1920, har aka zo aka cire aikin leƙen asiri aka ba hukumar leƙen asiri ta CSIS a 1984.

Ɗan Birni

Ni fa ku yi haƙuri, yadda ake ba da labarin nan kamar Le Caron wani gwarzo ne bai kwanta min ba. Ungulu da kan zabo kawai. Mutum ya ɗauke ka amini, ya buɗe maka cikinsa, kai kana sayar da shi kana karɓar albashi ta ko'ina, har su 'yan Fenian ɗin ma biyansa suke. Kuma Hajiya ba ki faɗi abin da ya biyo bayan shaidar tasa ba. Da ya tona kansa sai kowa a Clan na Gael ya fara kallon ɗan uwansa, waye kuma saura. A Chicago akwai wani likita Patrick Cronin da ke zargin su Alexander Sullivan da cin kuɗin ƙungiya, sai aka yaɗa cewa shi ma ɗan leƙen asiri ne, a watan Mayun 1889 aka kira shi da dare wai ana neman likita da gaggawa, ƙarshenta a cikin ramin magudanar ruwa aka tsinci gawarsa. Sullivan ɗin nan kuwa shi ne mutumin Le Caron na ƙut da ƙut. Sannan wa ya je yi wa shaida? Jaridar Times ta London, wadda wasiƙun da ta buga don ɓata Parnell aka gano na jabu ne, wani Richard Pigott ya ƙirƙira, ya gudu Madrid ya harbe kansa.

Kuma mutanen nan ƙasarsu aka mamaye ɗaruruwan shekaru, yunwa ta kashe musu miliyan ana fitar da abinci daga tashoshinsu. Mu da muka san mulkin mallakar Ingila bai kamata mu riƙa tafa wa ɗan rahotonta ba.

Maman Ilham

Ɗan Birni ban ce gwarzo ba ne, cewa na yi ya iya aikinsa. Kuma shi a wurinsa ai ba amana ya ci ba, ɗan Ingila ne yana yi wa ƙasarsa aiki, haka ya yi ta faɗa har ya mutu a London a 1894, ana gadinsa, ya canza suna don tsoro. Amma ka tambayi kanka manomin Eccles Hill da yaron jami'ar da aka harbe a Ridgeway me suka yi wa Ailan? Zaluncin da aka yi maka a Dublin ba zai sa ka zo ka kwashe wa wani dawakai da kaji a Quebec ba.

Malam Sani Zariya

Ku biyun kowa na da hujja, ni ba zan shiga tsakani ba. Inda nake so Abba ya lura shi ne bambancin 1866 da 1870, don a nan ne karatun yake.

A 1866 ba wai Kanada ba ta da 'yan leƙen asiri ba ne. Tun 1864 gwamnati ta kafa rundunar sirri ta bakin iyaka ta ba McMicken ɓangaren yamma, Frederick Ermatinger kuma na gabas. Asali ma ba don 'yan Ailan aka yi ta ba, don 'yan Kudun Amurka ne da ke fakewa a Kanada suna kai hari, kamar waɗanda suka fasa bankuna a St. Albans a Oktoban 1864. Da yaƙin ya ƙare aka juya su kan 'yan Fenian. Ga kuma ƙaramin jakadan Ingila a New York, Edward Archibald, shi ma yana da nasa masu kawo masa tsegumi. Matsalar ba ƙarancin labari ba ce, yawansa ne. Mutanen McMicken yawanci a mashaya da tashar jirgi suke jin magana, wanda ake biya don ya kawo labari kuwa dole ya kawo ko babu, su kuma 'yan Fenian kullum cikin cika baki suke, gobe za mu shiga, jibi za mu shiga. A watan Maris 1866 aka ce tabbas ranar bikin St. Patrick, babban bikin 'yan Ailan, za a kawo hari, gwamnati ta kira 'yan sa-kai 10,000, aka bar gona da shago aka yi ta gadi, shiru. Na Campobello kuma ya zama abin dariya. To lokacin da na gasken ya zo a ƙarshen Mayu, ana ganin ɗaruruwan mutane na sauka a Buffalo suna cewa aikin layin dogo suka zo, hukuma ta riga ta gaji da ƙarya, ba a tashi kiran sojoji ba sai da aski ya zo gaban goshi.

A 1870 kuwa mutum ɗaya ne amma a cikin ɗakin da ake yanke shawara yake. Ba shi kaɗai ba, akwai wani ma'aikacin McMicken, Charles Clarke, da ya shiga jikin Roberts a New York da sunan Cornelius O'Sullivan, amma bai daɗe kamar Le Caron ba.

Maganar da Sadiq ya kawo ita ma tana da sauran bayani. A Yunin 1866 majalisa ta dakatar da dokar da ta hana tsare mutum ba tare da gurfanar da shi ba, bayan kisan McGee ma an kwashi mutane da dama an tsare ba shari'a, kuma ana buɗe wasiƙun waɗanda ake zargi. Akwai 'yan Fenian na gaske a cikin Kanada, kamar Michael Murphy na Toronto da aka kama a Cornwall cikin jirgin ƙasa a Afrilun 1866, ya fasa gidan yari ya tsere bayan 'yan watanni, amma mafi yawan 'yan Ailan Katolika na can ba ruwansu, cocinsu ma ta yi tir da ƙungiyar, sai dai zargin ya shafi kowa. Inda zan yaba wa gwamnatin shi ne waɗanda aka kama a harin 1866, an yanke wa da dama hukuncin kisa har da wani limamin coci John McMahon, amma ba a rataye ko ɗaya ba, aka mayar da shi ɗauri, daga baya aka sake su. Ingila da ta rataye 'yan Fenian uku a Manchester a Nuwamban 1867 ai har yau ana tunawa da su a matsayin shahidai.

Kuma harin ya yi akasin abin da suka so. New Brunswick da ke jan ƙafa kan shiga tarayya, tsoron Campobello na cikin abin da ya sa masu son haɗewa suka ci zaɓen 1866, ranar 1 ga Yuli 1867 aka kafa tarayyar Kanada.

Alhaji Baba Kumasi

Sannunku da ƙoƙari yarana, ina ta karantawa. Wani ɗan abu zan jefa muku da ya shafe mu nan. Cikin hafsoshin Ingila da ke Kanada lokacin harin 1866 akwai Garnet Wolseley, shi ma haifaffen Ailan ne amma na ɓangaren Sarauniya. Shi ya jagoranci rundunar da aka tura yankin Red River, wato Manitoba, a 1870 kan Louis Riel da ya jagoranci bijire wa gwamnatin Kanada a can, kuma kafin ya isa ya tura wani hafsa ɗan Ailan, William Butler, ya riga shi zuwa ta cikin Amurka don ya leƙo masa halin da ake ciki. To wannan Wolseley ɗin shi ne ya zo nan ya ci Kumasi ya ƙone ta a Fabrairun 1874, Butler na cikin hafsoshinsa, kuma a wannan yaƙin akwai sojojin Hausawa da Kyaftin John Glover ya jagoranta. Ɗan Birni ka ga abin a cakuɗe yake, wasu 'yan Ailan na yaƙar daular wasu na yi mata yaƙi, mu ma haka.

Abba Gwammaja

Allah ya ja kwana Baba, wannan ban taɓa ji ba. To shi O'Neill bayan an saka shi a keken doki shike nan ya haƙura?

Maman Ilham

Ina fa. An yanke masa shekara biyu, shugaban Amurka Grant ya yi masa afuwa bayan 'yan watanni, ya yi alƙawarin ya daina. A Oktoban 1871 sai ga shi kuma a iyakar Manitoba tare da William O'Donoghue, wanda ya yi aiki da Riel a da, su 'yan tsiraru ko hamsin ba su kai ba, ƙungiyar ma ta ƙi sa hannu a tafiyar, suna sa ran mutanen Riel za su mara musu baya, ba su mara ba. Wannan ma labari ya riga shi isa, McMicken da kansa ya kama hanyar Manitoba ya kai gargaɗi. Suka kama wani shagon kamfanin Hudson's Bay kusa da garin Pembina na bakin iyaka, sojojin Amurka ƙarƙashin Kyaftin Loyd Wheaton suka zo suka tattara su. A lokacin ana ma taƙaddama kan ko wurin a cikin Kanada yake ko a Amurka, ƙarshenta kotu ta sallame shi. Daga nan ya koma harkar kai 'yan Ailan su zauna su yi noma a Nebraska, akwai garin da ke amsa sunansa a can har yanzu. Ya rasu a 1878, shekara goma sha ɗaya kafin Le Caron ya tsaya gaban kwamitin nan na London.